Muciyar Inna da Tulun Turawa

Tun da na dawo daga Faransa ban huta ba. Duk wanda ya kawo mani injin niƙa gyara, daga nan Daudawa ne, ko Damari, ko 'Yargoje, kafin ya faɗi abin da ke damun injinsa sai ya ce, "Sabi'u, wai da gaske suna cin dodon koɗi?" Na gaji da maimaitawa, kuma labarin ya fara kumbura a bakin mutane. Shekaranjiya a ƙofar masallaci na ji wani yana rantsuwa wai ni na gyara wa Turawa jirgin da ke zuwa duniyar wata. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da ya faru, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda in ci gaba da aikina.

Ba yawon buɗe ido na je ba, aike na aka yi. Ƙanwata Rabi, autar gidanmu, shekararta huɗu a can tana karatun zama dakta, ba ta allura ba, ta lissafi da injuna. An sa ranar da za ta tsaya gaban manyan malamai ta kare aikinta, aka ce ta gayyato wani daga gida. Mahaifinmu ya rasu, Inna kuwa ko Funtua ba ta son zuwa, sai abin ya faɗo kaina. Inna na fama da yanar ido. Na dama ya rufe tuni, na hagu saura kaɗan. Likita ya ce aikin rabin awa ne a cire, ita kuma ta ce duk wanda ya nufo idonta da wuƙa sai dai ya tarar da gawarta.

"Wanda ya rage ya ishe ni in ga Rabi," in ji ta. "Ka tahi ka zo mani da ɗiyata kahin kaka, tun bai ruhe ba shi ma."

Ta haɗa tsaraba kamar an ce mata ana yunwa a Turai: kilishi, kuka, yaji, daddawa ƙunshi uku. Sannan ta ɗauko sabuwar muciya ta tura cikin jakar, don ta ji labari wai da cokali Rabi ke tuƙa tuwo, abin da ya hana ta barci sati guda.

Sai da rana ta ɗaga sosai muka bar gari, kamar yadda kowa ke yi a hanyar nan yanzu saboda 'yan bindiga. Direbanmu wani mutumin Ƙanƙara ne, mai addu'a a kowace kwana da zagi a kowane rami. Da ya ji inda za ni, sai ya dube ni ta madubi ya ce, "Kai da ko Turanci ba ka iya ba?" Na ce ai su ma ba su iya ba, Faransanci suke yi. Ya ce to shi ke nan, kun dace. Daga Funtua na canja mota zuwa Abuja, inda na riga na sha wahalar biza wata biyu baya, wahalar da ba zan rubuta ba don kada in yi zunubi.

A filin jirgi aka yi mani rashin farko. Ina da wata doguwar sukudireba mai jan mariƙi, wadda na gada wurin maigidan da ya koya mani aiki. Ba don kwance noti kaɗai nake riƙe ta ba, kunnena ce. In aka kawo inji da ciwo, nakan dafa bakinta a jikinsa, in ɗora kunne a mariƙin, in ji ko boris ne, wato zoben nan mai 'yan ƙwallaye da sandar inji ke juyawa a cikinsa, ko bel, ko mai injin ne ke ƙyashin giris. Shekara ashirin ba ta bar aljihuna ba, ban kuma ga dalilin da za ta bar shi ran nan ba. Na'urar bincike ta yi ƙara, wata jami'a ta zaro ta ta ɗaga sama kowa ya gani.

"Baba, ina za ka da wannan?"

"Ranki ya daɗe, ba inda za ni da ita. Tare muke dai."

Ta jefa ta cikin wani kwando da ke cike da almakashin mutane. Na ji zafin abin ƙwarai, har yau ban daina ji ba.

A jirgi Allah ya haɗa ni da wani Alhaji ɗan Maraɗi mai fataucin fata, wanda ya san hanyar kamar hanyar gonarsa. Shi ya koya mani ɗaure bel, shi ya cinye abincina da na ƙi ci, shi ya tsaya mani a Faris lokacin da wani kare mai rigar aiki ya zo ya zauna gaban jakata ya ƙi tashi. Kilishin Inna dai nan ya ƙare, wai ba a shiga ƙasarsu da nama. Da jami'in ya kwance ƙunshin daddawa kuwa, sai ya ja da baya taku biyu ya kira abokin aikinsa, shi ma ya sansana ya kira wani. Alhaji ya yi ta zuba masu Faransanci har suka haƙura. Na ce me ka gaya masu? Ya ce, "Ce masu na yi ɗan'uwan cukunsu ne." Daga baya da na sansana cukun nasu, na ga lallai ba su da bakin magana. Muciya ce ta zo ƙarshe. Jami'in ya juya ta yana neman inda ake danna ta. Na karɓa, na durƙusa, na tuƙa masa tuwon iska a tsakiyar filin jirgi. Ya yi dariya ya ce mu wuce.

Garin su Rabi awa uku ne a jirgin ƙasa, duwatsu sun kewaye shi, sanyi kuma ba ya jin magana. A tasha na kusa wuce ta. Ta rame, ta saka wata ƙatuwar rigar sanyi a kan hijabi, tana tafiya da sauri kamar wadda ta bar tukunya a wuta. Sai da ta ce "Yaya!" na gane muryar. Hawaye suka zo mani, na ce iska ce.

Ɗakinta a hawa na biyar yake, ba na'urar hawa, faɗinsa bai kai rumbun gidanmu ba. Maƙwabcinta da muka haɗu a matakala na tsaya na gaishe shi yadda ya kamata, gida, iyali, aiki, sanyi, Rabi tana fassarawa. Ban kai ga tambayar gajiya ba mutumin ya fara duba agogo. Su gaisuwarsu kalma ɗaya ce, amma fa in sun saba da kai sai sun manna maka kunci a kunci, namiji da mace. Wata abokiyar karatun Rabi ta nufo ni da wannan niyya, na koma bayan ƙanwata na ɓuya, ni da 'ya'ya shida. Burodinsu dogo ne mai tauri, za ka iya korar akuya da shi. Banɗakinsu kuwa ba ruwa sai takarda. Rabi ta ba ni wata butar roba da ta ajiye, daga ran nan duk inda za ni tana hannuna.

Da safe tana dama kunu na ce, "To Dakta, shekara huɗu, mi kike yi a taƙaice?"

Ta ce in dubi tukunyar. Ta juya ludayi a hankali, kunun ya bi shi sumul. Ta ƙara sauri, sai ya fara murɗewa yana yin 'yan guguwa a gefe. "Ka gani, Yaya? Akwai iyakar da in an wuce, tahiyar ba ta zama lahiya. Cikin duniyar nan da muke takawa, can ƙasa, narkakken ƙarhe ne, yana juyawa tare da ita. Motsinsa ke haifar da maganaɗisun da ke ja allurar kamfas. Maganaɗisun kuma shi ma yana riƙe ƙarhen, kamar an ɗaure shi da zare. Wani lokaci ya kwantar da shi, wani lokaci shi ne ma ke tada rikicin. Cikin ita kanta rana da ke sama ma haka. Ni aikina in gano yaushe tahiyar ke lalacewa, kuma da wane irin taku."

Tun da ba wanda zai iya haƙa rami ya leƙa, sai suka ƙera ƙaramar duniya a ɗaki. Rabi ta ce a cikinta ta gano wani bugu da ba wanda ya taɓa gani, mai zuwa sau biyu a kowane juyi biyar. Abin mamakinsa, ko an ƙara maganaɗisu ko an rage, ba ya canja taku. Shi ne babi mafi girma a littafinta. Tana faɗa idonta na ƙyalli. Saura kwana tara a yi zaman, sannan mu hau jirgi tare.

Ran nan ta kai ni in ga abin. Mun shiga wani gini, muka sauka ƙasa, ina biye da ita da butata cike, don na lissafa azahar za ta same mu a can. Muna buɗe ƙofa wani ƙaton Bature mai gemu ya yi wata irin kururuwa, ya taho a guje ya rungume butar ya fita da ita waje kamar ya ɗauki bam. Ashe ƙarfen da suke narkawa, sodiyam sunansa, in ya haɗu da ruwa wuta yake kamawa ya fashe. Shekara da shekaru ko shayi ba a shiga da shi ɗakin, sai ga ni da lita biyu. Rabi ta manta ta gaya mani, don ita ta daina ganin butar a hannuna. Ƙaton nan Marsel sunansa, shi ne bakaniken wurin. Da ya huce muka gaisa, na dubi faratansa na ga baƙin mai, na san nawa ne.

Aka karɓe waya da makullaina saboda maganaɗisu, aka saka mani wata riga da hular kwano. Sai ga abin: wani ƙaton tulu na ƙarfe mai sheƙi, mutum biyu ba za su rungume shi ba, da wani ƙarami a cikinsa, narkakken ƙarfen a tsakaninsu, wayoyi ko'ina. Farfesan Rabi ya zo, wani tsoho siriri da ya zo aiki a kan keke, da na gan shi a hanya sai in ce mai gadi ne. Aka kunna. Tulu ya fara juyawa, a kan allo wani layi ya fara rawa, Rabi ta nuna mani shi da alfahari.

Ni kuwa ba allon nake ji ba. Ina tsaye a kan dandamalin ƙarfe, sai na ji wani abu a tafin ƙafata. Kaɗan ne ƙwarai. Amma na san shi, na san shi kamar tarin Inna a cikin taron mata. Aka kashe tulu muka koma gida.

Washegari bayan asuba na zauna ina faɗa da kaina. Sabi'u, an aiko ka ka ɗauko yarinya, ba a aiko ka gyaran tulun Turawa ba. Mutanen nan suna da na'urorin da ko sunansu ba ka iya faɗa. Kai wane ne, da ko firamare da ƙyar ka gama? Ka yi shiru kwana takwas, ta zama dakta, Inna ta ga ɗiyarta. Na yarda da wannan shawara sarai. Sai dai kunnen bakanike ba ya jin shawara. Na ce bari in je in saurara sau ɗaya tak, don in tabbatar ƙafata ce ta yi ƙarya. Ba sukudireba, ko da akwai ma ba za a bar ƙarfe ya matsa kusa ba. Idona ya faɗa kan muciyar Inna a jingine a bango. Na zura ta cikin riga.

Marsel ya juya muciyar, ya ga itace ce, ya ɗaga kafaɗa. Aka kunna tulu a hankali. Na durƙusa, na dafa kan muciyar a gidan boris na ƙasa, na ɗora kunne a ɗaya gefen, ina kallon wani jan fenti a jikin sandar da ke juya tulun don in ƙirga juyi. Ban yi minti ɗaya ba. Yana nan, ƙis, ƙis, ƙarƙashin gurnanin injin, irin na boris da ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya samu tabo. Na yi fatan ban ji ba.

Na miƙe. Bakina ya riga hankalina. "Rabi, boris ɗin ƙasa ya tahi. Kuma ba yau ya hwara ba."

Farfesa yana murmushi, ya tambaye ta me yayanta ya ce. Sai a lokacin na gane abin da na yi. Na ce da sauri, "Ki ce mashi na ce injin ya burge ni. Ki hwaɗi haka mu tahi gida, Inna na jira."

Ba mai jin Hausa a ɗakin sai mu biyu. Rabi ta yi tsaye, ba ta dubi Farfesa ba, ni take kallo.

"Yaya, sau nawa yake bugawa?"

"Bar wannan magana."

"Sau nawa?"

"In ya juya biyar, ya buga biyu."

Na ga fuskarta ta canja. Ta dubi allon, ta dubi muciyar. A hankali ta ce, "Shi ya sa bai damu da maganaɗisu ba." Na ce ai boris bai san wani maganaɗisu ba, giris ya sani. Ban san me ya sa na faɗi haka ba, wauta ce kawai. Ta juya wurin Farfesa ta yi magana da Faransanci mai tsawo, ba ta tsaya ba. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga murmushin tsohon ya tafi, na san ba cewa ta yi injin ya burge ni ba.

Marsel ya yi ja, ya ruga ya ɗauko wani fayil yana bugunsa da yatsa. Takarda ta ce boris ɗin sabo ne, saura masa shekaru. Su haka suke, in takarda ta ce lafiya, to lafiya. Na ce Rabi ta gaya masa a Daudawa ma sabon boris na zuwa da ciwo daga kwali. Sai Farfesa ya matso. Ya karɓi muciyar, ya durƙusa da gwiwoyinsa na tsufa, ya ɗora kunne. Ya daɗe a haka. Da ya tashi sai ya miƙa wa Marsel.

Kwana uku suka yi suna sauke tulun, ni da Marsel muna aiki ba harshe, sai nuni da yatsa. Da aka fasa boris ɗin, ga tabon nan a jikin ƙwallo ɗaya, bai kai ƙwayar gero ba. Shi ke girgiza ƙaramin tulun ciki, na'urori su ɗauka ƙarfen ne ke rawa. Aka saka sabo, aka kunna. Babban bugun Rabi, na shekara biyu da rabi, ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba. Sai dai a ƙarƙashin inda yake, wani ɗan ƙaramin layi ya bayyana, wanda ƙarar boris ta danne. Aka ƙara maganaɗisu, ya canja taku. Aka rage, ya koma. Farfesa ya yi tsalle kamar yaro, ya nufo ni da kunci, wannan karon ban samu wurin ɓuya ba.

Wannan na gaske ne, in ji su. Amma sai an sake awo daga farko, wata takwas. An ɗage zaman. Takardar zamanta kuma tana wurin sabuntawa, in ta fita ba ta iya komawa.

Kwana biyu Rabi ba ta yi mani magana ba, kuma ban ga laifinta ba. Ran na uku ta tuƙa mana tuwo da miyar kuka, da cokali, don Marsel ya rataye muciyar a bangon ɗakin binciken kusa da sauran kayan aiki, har ya rubuta mata lamba. Ran da zan taho, a tasha ta riƙe hannun rigata kamar lokacin da nake kai ta makarantar allo. Ta ce, "Da na tsaya gaban mutane da abin nan, wani ya gano daga baya, da na gama yawo. Amma wallahi Yaya, na so in yi ƙaryar nan. Mi za ka ce ma Inna?" Na ce ban sani ba. Har na sauka Abuja ban sani ba.

Na iso gida da la'asar. Inna na zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta, ta karkata kai tana kallon bayana da idon hagu, tana jiran mutum na biyu ya shigo. Ban taɓa jin kunya irin ta ran nan ba. Na zauna na faɗa mata komai, ban rage ba, har da cewa ni na ce a yi ƙarya, Rabi ta ƙi.

Ta juyo da idon hagu kaina.

"Da ka kama bakinka, wa zai sani?"

"Ba kowa, Inna."

"Tun kana yaro haka kake. Ba ka iya wuce abu yana ƙara." Ta gyara zama. "Muciyar hwa?"

"Tana can sun rataye a bango."

"Wato har yanzu da cokali take tuƙi."

"Da cokali."

"Wata nawa ka ce?"

"Takwas."

Ta ɗaga hannu ta rufe idon dama, ta dubi tsakar gida da na hagu, ta daɗe tana auna abin da ya rage. Sannan ta sauke hannun.

"Wannan ba ya kai wata takwas," ta ce. "Gobe ka nemo mota, ka kai ni wurin mai wuƙar nan. Kuma ka tsaya kusa, in ka ji injinsa na wata ƙara, ka hwaɗa tun bai taɓa ni ba."